Cizo Ɗaya Cikin Dubu: Lissafin Kiwon Mesa a Ɗaki

Hotunan sun cika Facebook da TikTok. Budurwa a Amurka ko Ingila, mesa rataye a wuyanta, tana dariya. Masu sayarwa a manyan kasuwannin macizai, irin na Daytona a jihar Florida da na Hamm a Jamus, alkawarinsu iri ɗaya ne. Ba ta cizo. Kiwonta araha ne. In ka yawaita ɗaukarta za ta saba da kai har ta zama 'yar gida.

Mu ɗauki biro mu auna maganar, a kan cewa daga aljihunmu kuɗin zai fita, kuma hannunmu ne zai shiga akwatin.

Da farko a raba kaya. Mesa ba ta da dafi. Ba kububuwa ba ce, wadda ke cika gadajen asibitin Kaltungo lokacin shuka da girbi. Ba kasa ba ce, ba gamsheƙa ba. Makaminta haƙori ne da ƙarfin jiki: ta kama, ta nannaɗe, ta matse. Sannan ba iri ɗaya ba ce. Wadda aka fi kiwo ƙarama ce, 'yar Afirka ta Yamma, masana na kiranta Python regius. Tsawonta mita 1 zuwa 1.5, nauyinta da wuya ya wuce kilo 2 ko 3. In ta tsorata sai ta dunƙule, ta cusa kanta a tsakiyar jikinta. Akwai kuma manya: mesar Burma, da doguwar mesar kudu maso gabashin Asiya mai zanen raga a bayanta, da babbar mesarmu ta Afirka da mafarauta suka sani. Waɗannan suna wuce mita 4, wasu su haura 5. Mai sayarwa kan haɗa su duka a kalma ɗaya, wai masu sanyin hali. Lissafinsu kuwa ya sha bamban.

Mu fara da cizo.

Masu kiwo da kansu sun san cizo iri biyu ne. Akwai na tsoro. Macijiya ta lanƙwasa wuya, ta yi huci, ta kai sara, ta saki nan take. Sabbin ƙyanƙyasa su suka fi yinsa, domin a daji kusan komai yana iya cinye su. Akwai kuma na abinci. Wannan ba ya zuwa da gargaɗi. Ta kama ba ta saki, sai ta naɗe abin da ta kama.

Ɗauka a kai a kai yana rage na farko. Wannan gaskiya ne, ba zan musa ba. Dabbar da aka ɗaga sau hamsin ba a cuce ta ba takan daina ɗaukar hannu a matsayin shaho. Amma na biyu ba daga tsoro yake fitowa ba, don haka cire tsoro ba ya taɓa shi.

Ga yadda yake faruwa. Magariba ta yi, lokacin da mesa ke fara motsi. Mai ita ya ciro ɓera daga firiza, ya jiƙa shi a ruwan ɗumi, ya taɓa shi da yatsu ya ji ko ya narke. Ya tuna bai canja mata ruwan sha ba. Ya buɗe murfi, ya miƙa hannu. Ita kuwa tun ɗazu harshenta ya ɗebo ƙamshin ɓera ya kai wa wata gaɓar shinshina da ke rufin bakinta. A leɓenta akwai 'yan ramuka masu gane ɗumin jiki ko a cikin duhu. Ga abu mai ɗumi, mai warin ɓera, yana motsi a ƙofar da abinci ya saba shigowa. An auna saran wasu macizai, an samu yana isa cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, kafin mutum ya gama ƙifta ido. Haƙoranta layi shida ne, huɗu a sama, biyu a ƙasa, duk sun lanƙwasa suna kallon maƙogwaro. Wanda ya fizge hannu shi ya yage fatarsa. Abin da masu kiwo ke yi shi ne su daure, su warware ta daga wutsiya, su zuba mata ruwan sanyi a kai har ta saki. Shekara goma da ta yi a hannunsa ba ta shiga wannan lissafin ba. Ba ta ƙi shi ba. Ba ta ma san shi ne ba.

Yanzu ga jimla. Mu ƙaddara ana ɗaukarta sau biyu a mako, abin da yawancin masu kiwo ke ganin ya dace. Sau 104 ke nan a shekara. Mu ba mai sayarwa abin da yake so, mu ce cikin ɗauka 100, 99 lafiya ake rabuwa. Wannan maki ne da kowane ɗalibi zai yi murna da shi. Amma a ninka shi sau 104, damar a ƙare shekara ba cizo ta sauko zuwa kashi 35 cikin ɗari. Wato cikin masu kiwo uku, biyu za su sha cizo kafin shekara ta zagayo.

Mu ƙara masa alheri. Mu ce cizo ɗaya ne cikin ɗauka 1,000. A shekara guda damar cizo kashi 10 ce cikin ɗari, ba laifi. Sai dai ƙaramar mesa tana yin shekara 20 zuwa 30 a hannun mutane, wasu su zarce. A gidan namun daji na St. Louis a Amurka, wata mai kimanin shekara 62 ta yi ƙwai bakwai a 2020. Mu tsaya a 30. Ɗauka 104 sau 30, 3,120. A kan ɗaya cikin dubu, cizo uku ke nan ke jiran mai ita, kuma damar ya tsira ba ko ɗaya ba ta kai kashi 5 cikin ɗari ba. Lambobin da na fara da su zato ne, kowa ya sa nasa. Duk wanda ka sa, in dai ba sifili ba ne, shekaru za su ninka shi.

Saboda haka tambayar ko za ta yi cizo ta faɗi. Wadda ta rage: ranar da ta yi, nawa ne kuɗinsa?

In ƙarama ce, kuɗinsa sabulu da ruwa da filasta, wataƙila da allurar tetanus in an daɗe ba a yi ba. 'Yan ɗigon jini a jere a bayan hannu. Kyanwa tana yin ɓarnar da ta fi haka. A nan mai sayarwa yana da rabin gaskiya, kuma na ba shi.

In babba ce, lissafi ya canja gaba ɗaya. Cizon mai mita 4 yana kai mutum ga ɗinki, wani lokaci ya taɓa jijiya. Kuma cizon ba shi ne babban abin ba. Da ana cewa shaƙewa take yi har numfashi ya ƙare. Wani bincike da aka wallafa a 2015 a Amurka, wanda aka yi da macizai masu matsewa da ɓeraye, ya nuna matsin yana tsayar da gudun jini ne, cikin daƙiƙoƙi hawan jinin dabbar ya faɗi. Mutumin da aka naɗe wa wuya ba shi da mintuna biyar na neman dabara.

Ga abin da kotuna da masu binciken gawa suka rubuta. A watan Yulin 2009, a jihar Florida, mesar Burma mai mita 2.6 ta fita daga akwatinta ta kashe yarinya 'yar shekara 2 a gadonta. Bargo ne murfin akwatin, kuma macijiyar tana cikin yunwa. A 2011 kotu ta ɗaure uwar da saurayinta shekara 12 kowannensu. A watan Agustan 2013, a garin Campbellton na Kanada, babbar mesar Afirka mai kusan mita 4 ta bi bututun iska ta faɗo ɗakin da 'yan uwa biyu ke barci, ɗaya shekara 4, ɗaya 6. Duka biyun suka mutu. A 2019, a jihar Indiana, an tsinci gawar wata mata mai shekara 36 da mesa mai mita 2.4 a wuyanta, a wani gida mai macizai kimanin 140.

Wadda ta fi shafar batunmu ita ce ta Hampshire a Ingila, a 2017. Mutumin shekararsa 31. Ya shekara 16 yana kiwon macizai. Babbar mesar Afirka ce, mita 2.4, kuma ya same ta tun tana iya zama a tafin hannunsa.  Mai binciken mutuwar ya ce macijiyar ce sanadi, ya kuma ce bai ga alamar faɗa ko fushi daga gare ta ba. A tsaya a nan. Ba fushi, ba farmaki, kuma an yi jana'iza. Dabbar da ta saba da hannu ita ce ake yarda a ɗora a kafaɗa. In ta ji za ta zame, sai ta ƙara riƙo, yadda za ta riƙe reshe.

A lura da tsawon: 2.6, 2.4, 2.4. Uku cikin huɗun ba dodanni ba ne. Masu kiwo suna da ƙa'ida cewa wadda ta kai kimanin mita 2.5 ba a ɗaukarta sai da mutum na biyu a kusa. Mesar Burma tana fitowa daga ƙwai da kamar rabin mita, kuma in tana cin abinci sosai tana iya kai wannan iyakar cikin shekara biyu. Daga nan har shekara 20 ko fiye, kowane ɗauka, kowace sharar akwati, kowane canjin ruwa, sai an nemo mutum na biyu. Wa zai zo maka sau ɗari a shekara? Ba wanda zai zo. Sai a fara yi shi kaɗai, yau lafiya, gobe lafiya. Sabo turken wawa. Horon da aka ce zai canja macijiya, mai ita ya fi canjawa: shi ne ya daina taka tsantsan.

Adalci ya sa a kawo ɗaya gefen. Irin wannan mutuwa ba ta da yawa. A Amurka, in aka raba kan shekaru, ba ta kai mutum ɗaya a shekara ba. Karnuka kuwa suna kashe gomman mutane duk shekara a ƙasar, suna cizon miliyoyi. Masu kare kiwon mesa suna son wannan kwatancen ƙwarai. Sai dai sun manta da rabawa. Kare yana cikin kimanin gida huɗu daga kowane goma a Amurka, yana yawo a tsakar gida dare da rana, yana cuɗanya da yara da baƙi. Babbar mesa tana hannun 'yan tsiraru, tana kulle. Ba a kwatanta jimla da jimla sai an raba kowace da yawan dabbobin da yawan sa'o'in haɗuwa.

Sa'o'in nan ma abin dubawa ne. Dokokin ɗauka, kamar yadda masu kiwo ke koyar da su, sun fi yawa a ɓangaren hani. Sabuwar zuwa, a bar ta mako ɗaya ko biyu. Ranar ciyarwa ba a taɓa ta. Kwana biyu bayan ta ci ba a taɓa ta, don kada ta amayar da abincin. Lokacin saɓa, idonta ya yi fari-fari ba ta gani sosai, ba a taɓa ta. Babba mai cin abinci duk kwana 10 tana ci sau 36 a shekara. Kwana uku-uku, 108. Saɓa kamar sau shida, kwana goma-goma, 60. Kwana 168 sun tafi. A sauran, minti 15 sau biyu a mako, awa 26 ke nan a shekara. Shekara awa 8,760 ce. Abotar da ake tallatawa ba ta kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na rayuwar dabbar ba. Saura tana cikin ɓoyo, kuma can ta fi so.

Kare ya shekara aƙalla 15,000 tare da ɗan Adam, ana zaɓen mai biyayya ana barin mai taurin kai. Kuma tun asali dabbar garke ce, ta san shugaba. Ƙaramar mesa ba ta da garke. Uwa tana naɗe ƙwanta kusan wata biyu, da sun fashe kowa ya kama gabansa. Kiwonta a matsayin babbar sana'a bai wuce 'yan shekaru gommai ba, kuma abin da masu haɗa iri suka fi bi launi ne, ba hali ba. An samu zabiyar farko a hannun masu kiwo a 1992, daga nan aka shiga tseren launuka. Wani launin mai zanen gizo-gizo yana zuwa da larurar karkarwar kai, har wata ƙungiyar masu kiwo a Birtaniya ta hana sayar da shi a kasuwanninta a 2018. Wanda ya nuna maka dunƙulalliyar macijiya a tafinsa ya ce dubi natsuwa, tsoro yake nuna maka. Gardawanmu masu wasa da macizai a kasuwa sun fi su gaskiya a wannan gaɓar. Gardi ba ya cewa macijinsa ya daina sara. Cewa yake shi ya sha magani.

Akwai kuma kuɗin da ɗaukar kanta ke jawowa. Macizai da ƙadangaru da kunkuru suna ɗauke da ƙwayar Salmonella a hanjinsu ba tare da ta dame su ba, kuma tana bin fatarsu da akwatinsu. Wani ƙiyasi da aka wallafa a 2004 ya ce irin waɗannan dabbobi da kwaɗi suna jawo kamuwar mutum kimanin 74,000 a shekara a Amurka. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta ce yara 'yan ƙasa da shekara 5, da tsofaffi daga 65, da masu raunin garkuwar jiki su nisanci taɓa su. To maganin cizo, in ji mai sayarwa, yawan ɗauka. Kowane ɗauka kuma wata dama ce ga zazzaɓi da gudawa. An rage a shafi ɗaya, an ƙara a ɗaya.

Batun araha ba zai ɗauke mu lokaci ba. Mu ƙaddara farashi, a dala, na mai kiwo a ƙasar sanyi. Macijiyar, dala 60. Ɓera 36 a shekara, shekara 30, ɓera 1,080. A dala 3, dala 3,240. Gefen ɗumi na akwatin yana son zafin kimanin digiri 32, don haka na'urar ɗumamawa ba ta hutawa: yunit 1.2 na lantarki a rana, yunit 13,140 a shekara 30, kusan dala 2,230 a kan santi 17. Akwati da na'urar daidaita zafi, dala 400, a canja sau ɗaya, 800. Shimfiɗa, dala 5 a wata, 1,800. Likitan dabbobi, dala 100 duk shekara biyu, 1,500. Jimla ta ɗan haura dala 9,600. Kuɗin saye sau 160. A shekara dai kamar dala 320 ne, kuma kare ya fi haka ci. Nauyin a tsawon wa'adin yake. Wanda ya saya yana ɗan shekara 20 zai rabu da ita yana ɗan 50, bayan aure da 'ya'ya da ƙaura da masu gidan haya da ba sa son maciji. Babbar mesa kuwa ta wuce ɓera, sai zomo, kuma akwatinta ya kusa ɗaki.

Idan mai ita ya gaji, wa ke biya? Florida ta san amsar. Mesar Burma, wadda cinikin dabbobin sha'awa ya kai can, ta kafu a fadamar Everglades. Wani bincike na 2012 ya samu ganin wasu ƙananan dabbobin dajin ya ragu da kashi 99 cikin ɗari a yankunan da ta daɗe. A shekarar ce gwamnatin Amurka ta hana shigo da ita, tare da babbar mesar Afirka. Tun 2017 hukumomin jihar ke biyan mafarauta: kuɗin awa, da dala 50 a kan macijiya mai ƙafa huɗu, da ƙarin dala 25 a kan kowace ƙafa. Mai ƙafa goma, dala 200. An cire fiye da 20,000 tun shekarar 2000, kuma ba wanda ke cewa an kusa gamawa. Wata da aka kama mai kilo 98 tana ɗauke da ƙwai 122. Mafarauci na cire ɗaya, uwa ɗaya na shirin zuba ɗari. Mai biyan haraji da bai taɓa sayen maciji ba shi ke cika kuɗin.

Ɗaya ƙarshen igiyar yana maƙwabtanmu. Ghana da Togo da Benin su ne manyan masu fitar da ƙaramar mesa, kuma fiye da miliyan 3 sun bar Afirka ta Yamma tun 1975, ƙarƙashin izinin yarjejeniyar CITES ta cinikin namun daji. Mafarauta suna tono ramukan ɓeraye da suri, su kwaso uwaye masu ciki da ƙwai, a ƙyanƙyashe a gona, a sa 'ya'yan a jirgi. Kason Togo kaɗai ya taɓa kai 62,500 a shekara na irin waɗannan. A ƙwai bakwai ga kowace uwa, kusan uwa 9,000 ke nan za a tono. Kowace ɗaya mai cin ɓeran gona ce. A Ouidah ta Benin har ɗakin bauta aka gina mata, amma ƙungiyar kare halittu ta IUCN ta riga ta sa ta a jerin dabbobin da ke dab da shiga barazana.

Hukuncina ya rabu biyu, kamar yadda macizan suka rabu. Ƙarama mai dunƙulewa: baligin da ya yarda zai sha cizo, zai wanke hannu kowane lokaci, zai ciyar da dogon hantsaki, kuma ya lissafa shekara 30, yana iya riƙe ta, in ya sayi wadda aka haifa a hannun masu kiwo. Duk wadda za ta wuce mita 2.5, wurinta gidan namun daji ne, inda ake da ma'aikata biyu da ƙofa mai kwaɗo. Gidan da ke da yaro kada ta kwana a cikinsa, ko shekara nawa ta yi ana ɗaukarta.